Daga Kano zuwa Nima: yadda na je neman aikin talla a Gana

Sana'ata rubuta talla ce. Maganganun nan da ake ji a rediyo tsakanin labarai da shirin gaishe-gaishe, na daƙiƙa talatin ko arba'in da biyar, masu cewa ka sayi wannan ko ka kiyayi wancan, irinsu nake rubutawa, wani lokacin in ɗora musu murya. Tun 2019 nake zaune a Akra, babban birnin Gana, saboda wannan sana'a. Ƙannena da suka karanta aikin jarida suna yawan tambayata yadda aka yi na fita, da ko su ma su biyo ni. Amsar ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuta ta yadda ta faru.

A cikin birnin Kano aka haife ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da rumfar yadi a Kantin Kwari, kuma a bakin rumfar nan na fara ganin yadda ake sayar da abu da baki. Baba ba ya yabon kayansa. Zai bar mace ta ɗaga atamfa ta ajiye, ta sake ɗagawa, sannan ya ce, "Hajiya, biki ne ko suna?" Daga amsarta ya san abin da zai sauko mata da shi, ya san kuma inda ciniki zai faɗa. Na karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero, na gama a 2014, na yi bautar ƙasa, na samu gurbi a wani gidan rediyo mai zaman kansa. Tun da Freedom ta buɗe a 2003 gidajen rediyo suka yi ta ƙaruwa a Kano, kuma duk da talla suke rayuwa. Mu 'yan sashen talla albashinmu bai taka kara ya karya ba, kamasho ne abincinmu. Ka nemo mai kaya, ka rubuta masa, ka shiga situdiyo ka naɗa, in ya biya a cire maka kasonka. Na yi wa masu maganin gargajiya, da makarantun kuɗi, da masu sayar da filaye, da shagunan kayan ɗaki, da kamfanonin jigilar Umara. Akwai tallan wani shagon katifa da na rubuta wanda yara suka riƙa rerawa a unguwarmu, ba su san ni na yi shi ba.

Amma babban kuɗin yana Legas. Tun 1928 da aka kafa kamfanin talla na farko a can, wanda daga baya ya zama Lintas, sana'ar ba ta taɓa barin Legas ba. Bankuna da kamfanonin waya da masu sabulu da ɗanɗanon miya duk a can ake zama a tsara musu talla, da Turanci, a gama komai, sannan a tuna akwai Arewa. Sai a aiko mana da takarda a ce a mayar Hausa kafin gobe, kuma kada a canza komai. Wani lokacin ma an riga an fassara, fassarar da in ka karanta wa Bahaushe zai tambaye ka me ake nufi. Ka ce a gyara, a ce mai kaya ya riga ya sa hannu. Wannan abu ya daɗe yana cin raina. Mutane miliyoyi ne ke sauraro, kuɗinsu ake nema, amma ba a ga ya kamata a zauna a yi tunani da harshensu ba. Da tattalin arziki ya durƙushe a 2016, ƙananan masu kaya suka janye, manyan kuma suka riƙa jan biya wata da watanni. Na gwada Legas, na zaga Ikeja da sauran inda kamfanonin suke. Duk inda na shiga, da sun ji daga Kano nake sai su ce za su kira ni idan aikin fassara ya taso.

Gana ta shigo maganar ne ta wajen dangin Umma. Kakanta bafataken goro ne, irin waɗanda suka bi hanyar Gwanja har Salaga, daga baya wasu 'ya'yansa suka zauna Kumasi, wasu suka gangara Akra. A 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, rabin gidan ya dawo Kano da abin da suka iya ɗauka a ka, rabi ya zauna. Cikin waɗanda suka zauna akwai gidan Kawu a Nima, wata unguwa a Akra. Ɗansa ne, ɗan'uwana, ya riƙa gaya mini cewa kamfanoni da yawa suna ajiye ofishinsu na yankin Afirka ta Yamma a Akra, wutar lantarki ta daidaita bayan shekarun da suka sha wahala, kuma Hausa ce ke tafiyar da zango-zango, wato unguwannin baƙi Musulmi, daga Akra har Bawku. Na ga ke nan akwai kasuwa, kuma ina da kayan sayarwa.

Baba bai so ba. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne, cewa kawai ya yi, "Rumfa tana nan, kai ne babba. Abin da kake nema a can mene ne babu a nan?" Na ce, "Baba, a nan ba a barina in yi aikin da na iya." Ya yi shiru kwanaki. Umma ce ta shiga tsakani, tunda gidan ɗan'uwanta zan sauka. Ranar da zan tafi ya ba ni kuɗin mota daga aljihunsa, ya sa mini albarka, ya ce in riƙe salla, kada kuma in sayar wa mutane abin da ni ba zan kai gidana ba.

Ta ƙasa na bi, farkon 2019. Kano zuwa Legas, daga nan Seme, Kwatano, Hilakonji, Lome, Aflawo, sannan Akra. Iyaka uku, kowacce da layinta da mai neman na goro, ko da fasfonka na ECOWAS da katin rigakafin shawara suna hannunka.

Nima ta karɓe ni kamar ban bar gida ba, kiran salla ta ko'ina, koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa a ganye, gaisuwa da Hausa a kowane lungu. Wannan ne ke ruɗin baƙo daga Kano, ya ɗauka ya iso. Kawu ya zaunar da ni daren farko ya ce, "Ɗana, baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ka bi a hankali." Sannan ya shiga lissafa mini abin da ke gabana. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90 ka shiga ka zauna ba biza, amma ba ta ba ka aiki ba. In za ka wuce haka sai da izinin zama daga hukumar shige da fice, sai da katin shaidar baƙi wanda a lokacin ake biya dala 120 a karon farko, a kuma sabunta duk shekara. Izinin aiki kuwa kamfanin da zai ɗauke ka ne ke nema maka, kuma sai ya nuna dalilin da ya sa bai ɗauki ɗan ƙasa ba. Ga haya. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida gaba, amma a Akra shekara ɗaya ko biyu ake nema a dunƙule. Ba don ɗakin zaure da Kawu ya ba ni ba, da kuɗina sun ƙare kafin in ga ƙofar ofishi ko ɗaya.

Na shiga nema. Da sassafe in hau tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya, daga Nima zuwa Osu, ko Labone, ko East Legon, inda kamfanonin talla suke, riƙe da takarduna da filashi cike da jingil ɗin da na yi a Kano. Abin da na tarar shi ne, ba wanda ke tambayar takardar digiri. Aikin da ka taɓa yi suke son gani, kuma gani da ido: fosta, allon talla, bidiyo, abin da aka sa a Facebook da Instagram da yawan mutanen da suka taɓa shi. Ni kuwa duk dukiyata murya ce, da harshen da mai intabiyu ba ya ji. In kunna masa tallan katifar nan da ya zaga Kano, ya saurara cikin ladabi, ya ce waƙar tana da daɗi, ya tambaye ni ko ina jin Tuwi, harshen Asante da aka fi ji a ƙasar. A ofisoshin nan Turanci ake tunani da shi, Tuwi ake sayarwa da shi, sai harsunan Ga da Ewe da Dagbani su biyo baya. Hausa tana cikin harsunan da gidan rediyon gwamnati ke watsa shiri da su tun da daɗewa, amma a kasafin mai talla ita ce ta ƙarshe, in kuɗi ya rage. Wato abin da na gudu a Legas shi na tarar, da wata rigar.

Sau ɗaya aka yi mini tayin aiki na sosai a shekarar farko. Wani kamfani ne babba, mai intabiyun ya ji daɗin wani gwaji da na rubuta masa nan take, ya ce za su ɗauke ni, su ma nema mini takardu. Sai da muka zo kan bayanin aikin na ji manyan kwastomominsa biyu, ɗaya giya, ɗaya cacar ƙwallo ta waya, kuma abin da suke so da ni shi ne in shigar da cacar nan zango, wurin samarin da ke cika gidajen kallon ƙwallo. Na san samarin, da su nake salla. Na san wanda ya sayar da wayarsa saboda tikiti. Na roƙi a sa ni wani ɓangaren, aka ce gurbin ke nan. Na yi godiya na fito. Ba zan ce abin ya zo mini da sauƙi ba, domin a lokacin kuɗin tirotiro ma Kawu ke ba ni, kuma na kwana ina lissafin albashin da na bari. Duk Musulmin da zai shiga wannan sana'a a wajen gida ya san da wannan tun kafin ya taso: giya da caca suna cikin masu zuba kuɗi mafi yawa a talla, kuma kamfani ba ya raba ma'aikatansa saboda imanin mutum ɗaya sai in ƙarami ne kuma mai shi ya ga dama.

Ƙarshen shekarar ya yi zafi ga ɗan Najeriya. A watan Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kayan 'yan kasuwar Gana suka maƙale a Seme, rai ya ɓaci. Ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar ta tashi da maganar dokar 2013 wadda ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa, ta kuma ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya zuba jarin dala miliyan ɗaya. Aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da wajen Circle a Akra inda ake sayar da wayoyi. Ni ba ni da shago, amma na ji a jikina. Da ka buɗe baki a ofis an gane daga ina kake, sai fuska ta canza, wani ma ya yi maka maganar 'yan damfarar intanet kai tsaye. Dattawan Nima kuwa sukan ce ba sabon abu ba ne, sun ga 1969, sun ga 1983 da Najeriya ta rama. A wajensu abu ne mai zuwa ya wuce.

Don kada in zauna haka, na riƙa bin ɗan'uwana maɗaba'arsa a New Town, unguwar da injinan buga takardu suka cika. A nan na koyi abin da jami'a ba ta koya mini ba. Rabin aikin da ke shigowa fostar jana'iza ce. Mutanen kudancin Gana suna ɗaukar jana'iza da girma ƙwarai, gawa takan yi makonni ko watanni a ajiye ana shiri, a buga hoton mamaci a bana, wani har a allon talla na bakin titi, da sunayen dangi reshe-reshe. Da farko abin ya yi mini nauyi, mu da muke binne mamaci kafin rana ta faɗi. Amma zama da iyalan nan, ana gardama a kan wane hoto za a sa da sunan wa zai zo gaba, ya nuna mini abin da mutanen ƙasar ke girmamawa da abin da ke taɓa zuciyarsu. Sauran aikin kuma banar coci ne, da kalandar makarantu, da takardar manna wa robar ruwa da man shafawa. A nan hannuna ya faɗa da tsara shafi a kwamfuta, na san wane launi ke ɗaukar ido daga cikin mota, da kalma nawa mutum zai iya karantawa kafin tirotiro ya wuce. Tuwi kuma ta fara shiga kunnena.

Ta maɗaba'ar nan aikin rediyo na farko ya zo. Wata mata mai ƙaramin kamfanin talla, wadda muke kira Madam, ta zo buga fosta ta ji ina waya da Hausa. Tana da kwastoma mai harkar aika kuɗi ta waya da ke son jan hankalin mutanen zango game da 'yan damfarar da ke kira su ce an turo kuɗi bisa kuskure. Ta ce in gwada. Tun a Kano al'adata ce ba na shiga situdiyo sai na karanta wa wanda aka yi tallan dominsa, don haka na kai wa Hajiya, matar Kawu, wadda ke sayar da wake da shinkafa a bakin titi tun kafin a haife ni. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Ɗana, Hausarka ta yi kyau, kamar ana labaran BBC. Amma in na ji wannan zan ce da mutanen Najeriya ake, ba da ni ba."

Gaskiya ta faɗa. Hausar zango harshe ne mai zaman kansa a bakin masu shi. Ba ta damu da bambanta namiji da mace yadda ta Kano ke yi ba, ta ɗebo daga Tuwi da Turanci da harsunan arewacin ƙasar, kuma da yawa daga masu yin ta ba Hausawa ba ne: Dagomba ne, da Mosi, da Zabarmawa, da Kotokoli, da Fulani, da Wangara, Hausa ce ta haɗa su. Na san akwai 'yan'uwanmu da ke zuwa su riƙa yi musu gyara. Ban ga dalili ba. Mutum ya rayu da harshe kaka da kakanni, ya yi ciniki da shi, ya yi addu'a da shi, ba baƙon jiya ne zai ce masa bai iya ba. Na ajiye takardata, na ɗauki benci na zauna kusa da tukunyar Hajiya makonni ina sauraron yadda mata ke ba da labarin wanda aka cuta, da kalmomin da suke zaɓa in suna jin kunyar an yaudare su. Daga nan na rubuta hira tsakanin uwa da ɗanta, na ce kuma ba ni zan karanta ba. Muka ɗauko wata yarinya 'yar unguwar Mamobi da wani dattijo mai shayi. Da aka sa a rediyo, masu rumfunan MoMo, wato na aika kuɗi ta waya, na Nima suka ce mata sun fara zuwa suna tambaya kafin su mayar da kuɗi. Madam ta fara kirana aiki ɗaya bayan ɗaya.

Sai korona ta zo. Gana ta rufe iyakokinta a watan Maris na 2020, aka rufe masallatai da coci-coci, aka kulle Akra da Kumasi mako uku daga 30 ga wata. A unguwa irin Nima, inda gida ɗaya ke ɗauke da iyali goma da famfo ɗaya, cewa a zauna a ɗaki a ba da tazara magana ce mai wuyar faɗa. Nan take aka shiga neman wanda zai rubuta saƙon lafiya da Hausa, ba fassara ba, saƙon da mutane za su yarda da shi. Madam ta samu aikin daga wata ƙungiya, ta miƙo mini. Muka yi ta naɗa a waya, cikin ɗaki, da bargo a ka don kashe ƙara. Mun yi na wanke hannu a bokitin Veronica mai famfo da aka ajiye a ƙofar kowane shago, mun yi na salla a gida, muna jingina da matsayin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa a zango. Shi ne karo na farko da aka ce mini in rubuta yadda na ga dama, daga baya a mayar wa mai kuɗin da Turanci don ya san abin da aka ce.

A cikin wannan aikin ne, watan Afrilu, lokacin da dattawa suka riƙa rasuwa a Kano ɗaya bayan ɗaya har maƙabartu suka cika da aiki, aka kira ni da asuba. Baba ya kwana biyu da zazzaɓi, asibitocin da aka je ba su karɓe shi ba, ya cika a gida. Kafin azahar an kai shi. Babu jirgi, babu mota, iyaka uku a rufe. Ni ne babban ɗansa, ban wanke shi ba, ban sallace shi ba, ban ɗauki makararsa ba. Kawu ya tara mutanen gida muka yi masa addu'a a tsakar gida, maƙwabta suna miƙo gaisuwa ta taga saboda dokar taro. Azumi ya kama bayan 'yan kwanaki. Ban samu zuwa Kano ba sai bayan da jirage suka dawo tashi a watan Satumba, na je na tsaya a kan kabarinsa, ƙanena yana nuna mini wurin.

Duk wanda ya tambaye ni kuɗin fita waje, wannan nake fara gaya masa kafin kuɗin mota da na takardu. Na yarda da ƙaddara, na san ko ina Kano ba zan ƙara masa kwana ɗaya ba. Amma da ina nan da na riƙe hannunsa, kuma wannan ba ya barina har yau.

Na koma Akra saboda yanzu nauyin gida ya dawo kaina, rumfa kuma ƙanena ya riƙe ta. Madam ta ɗauke ni aiki sosai, ta bi layin shige da fice da kanta har izinin aikina ya fito. Kirista ce, 'yar Fante, kuma tun ranar farko na gaya mata abin da ba zan taɓa ba. Ta ce ita ma akwai abin da ba ta karɓa, muka daidaita a kan haka, ba ta kuma taɓa saɓawa ba. Zaɓen Disamba 2020 ya kawo aiki da yawa, domin kowace jam'iyya tana neman ƙuri'ar zango, sai dai wani ɗan takara da muka yi wa waƙoƙi har yau bai biya ba. Daga nan muka shiga tallan taki da irin shuka a arewa, na zaga Tamale da Yendi da Bolga, na kuma yi aiki da 'yan albasa, yawancinsu mutanen Nijar, bayan an tashe su daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021 suna neman hanyar sanar da kwastomominsu inda suka koma.

Shekarar 2022 ta girgiza mu. Sidi, kuɗin Gana, ya faɗi daga wajen 6 a dala ɗaya a farkon shekara zuwa sama da 14 a Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. In kamfani ya shiga matsi, kasafin talla yake fara yankewa. Cikin mu da ke ofis aka sallami kusan rabi, albashin da ya rage kuma ya zama ba ya kai ƙarshen wata, balle abin aika wa Umma. A lokacin na fara tunanin tattara kayana.

Abin da ya riƙe ni ya zo ta inda ban zata ba. Tun da aka ajiye sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Akra, ƙananan kamfanoni masu son sayar da kaya a ƙasashe da yawa suka ƙaru, masu fitilar sola, da masu manhajar aika kuɗi, da masu kayan noma. Da suka duba taswira suka ga harshe ɗaya zai kai su daga Kumasi zuwa Maraɗi da Damagaram da Kano da Garwa. Madam ta gane haka kafin manyan kamfanoni, ta sa ni gaba a duk zaman da ake da irin waɗannan. Yanzu ni ke zama da mai kaya tun daga farko, in tambaye shi wa yake son ya saya, biki ne ko suna, in rubuta da Hausa, in yi wa zango nata, in yi wa Nijar nata da kuɗin sefa da kalmomin da suka saba, in yi wa Kano nata. A watan Oktoban 2022 kuma hukumar kula da talla ta Najeriya, ARCON, ta hana amfani da muryoyi da fuskokin baƙi a tallan da za a sa a ƙasar. Don haka duk abin da za a watsa a gida, abokan aikina na da a Kano nake tura wa su naɗa, a biya su kai tsaye, ba sai an bi ta Legas ba. Ranar da na fara tura wa wanda muka yi shekaru muna raba kamasho da shi aiki, ya kira ni yana tambaya ko kuskure aka yi a kuɗin.

Ga masu tambaya ko su taho, ba na hana kowa, ba na kuma kiran kowa. Abin da nake cewa shi ne su tara aikin da za a gani da ido tun suna gida, su koyi tsara hoto da yanka bidiyo ko a waya ne, su san gidan da za su sauka da wanda zai ciyar da su wata shida in ba a samu komai ba, kada kuma su bari kwana 90 ta cika ba su je shige da fice ba. Na ga samari masu basira da suka ɓuya a ɗaki saboda takardunsu sun mutu, kowane ɗan aiki aka ba su sai a biya su rabin kuɗi don an san ba su da bakin ƙara.

Na yi aure a Nima, 'yar ƙanwar Hajiya, muna da 'ya ɗaya da ke haɗa Hausar gida biyu a baki ɗaya. Umma ta tsufa, ciwon ƙafa ya hana ta fita, kuma a kowace waya sai ta tambaye ni yaushe. Na yi magana da Madam, mun amince bayan Babbar Salla zan koma Kano in gwada yin aikin daga can na wata shida, in riƙa zuwa Akra idan akwai zama da kwastoma. Na samu ɗaki a saman wani shago kusa da gida da zan mayar situdiyo. Abin da ya rage shi ne kuɗin sola da batir, domin ba zan dogara da wutar gari ba in an ce a aiko da aiki kafin ƙarfe huɗu, sai kuma shawo kan matata, wadda ba ta taɓa yin sanyin hunturu a Kano ba kuma mahaifiyarta ba ta son ta yi nisa.